Gyaran Launin Mai Jego

Fuskar mai jegon ce ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. A cikin ɗaki wankan tarwaɗa ce mai haske, amma da kamera ta fita tsakar gida sai ta yi duhu sosai. Lubabatu ta tsayar da hoton, ta jawo kujera kusa da allon, ta ce a ranta yau akwai aiki.

Wata shida ke nan tana koyon gyaran launi a sitidiyon Malam Mahamud da ke unguwar Kara-Kara a Zinder. Kafin nan tela ce, kuma a layinsu ba wanda ya kai ta iya dacen zare da yadi. A sitidiyo ne ta gano cewa kamera maƙaryaciya ce ta gidan gaba: farin bango ta mai da shi rawaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, inuwa kuma ta shafa mata shuɗi. Aikin mai gyara shi ne ya kama ta da ƙaryar. A fara da fari, a daidaita baƙi, sannan a zo kan fatar mutum.

Ranar Litinin Malam Mahamud ya ajiye mata aikin a kan tebur.

"Bidiyon sunan jikar Hajiya Larai ne, a Mirriya. Modu ya ɗauka da kamera biyu, ya yi montaj, ya harhaɗa hotunan, ya wuce wani biki ƙauye. Jumma'a Hajiya za ta zo. In ta karɓa ba ƙorafi, kujerar nan taki ce. In ta ce uffan, ki koma ma kekenki, mu rabu lafiya."

Lubabatu tana son kujerar nan kamar ranta. Ta riga ta faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ta bar ɗinki har abada, kuma Zinder ba garin da ake mantuwa ba ne.

Kamera biyu, ai magana ta fito. Ɗaya ta sha hasken lantarki, ɗaya ta sha rana. Ta zaɓi hoton cikin ɗaki ya zama ma'auni, inda mai jego ke zaune bakin gado da jaririya a cinya, cikin atamfar ankon da duk matan gidan suka ɗinka. Sai ta koma hoton tsakar gida, inda mai jegon take duƙe a bakin tukunya tana tuƙin tuwo, ta ƙara wa hoton haske.

Fuskar ta yi daidai, amma komai ya lalace. Bangon ƙasa ya koma fari fat, tsofaffin da ke kan tabarma suka yi kamar an barbaɗa musu gari. Ta mayar da shi yadda yake, sai bango ya dawo bango, tsofaffi suka dawo tsofaffi, fuskar nan kuma ta koma duhunta. Ta yi tsaki. Wato duk faɗin tsakar gidan, mutum ɗaya kamerar Modu ta zaɓa ta yi wa sharri.

Ta so ta kira shi, sai ta fasa. Modu irin mutanen nan ne da in ka tambaye su abu ɗaya, sai sun ba da labarinka a majalisa uku.

Ta zauna ta koyi abin da ba a kai ga koya mata ba: a zagaye fuska ita kaɗai, a sa gyaran ya riƙa bin ta duk inda ta juya. Kwana uku tana wannan. Matar kuwa ba ta taimaka mata ba ko kaɗan, don ba ta zama. Yanzu tana ɗaki tana amsa barka, yanzu tana rabon waina, yanzu ta ɗauko tulu. Lubabatu har ta yi dariya ita kaɗai. Jegon kwana bakwai da tuƙin tuwon taro! Lallai matan Mirriya ba su san wasa ba.

Bayan fuska ta bi wuya, ta bi hannuwa yatsa-yatsa. Inda lallen ya ɓace a hotunan waje, ta ɗan ƙara ja a tafin hannu don kada ido ya tsaya a wurin.

Ranar Alhamis Malam Mahamud ya kalla daga farko har ƙarshe, hannu a haɓa.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ni na koya ma kaina, Malam."

"Wallahi ko ni ban gane inda kamera ta canja ba."

Daɗi ya kashe ta. A hanyar gida har ta tsaya ta sayi kilishi.

Hajiya Larai ta iso Jumma'a da hantsi, ta cire takalmi, ta zauna gaban allon da carbinta. Tana kallo tana murmushi, tana kiran sunayen baƙi ɗaya bayan ɗaya. Da aka fita tsakar gida sai murmushin ya ragu. Ta matso. Ta goge tabarau da gefen mayafi, ta ce a mayar mata baya. Aka mayar. Lubabatu tana tsaye a bayanta.

Da bidiyon ya ƙare, Hajiya ta juyo ta dube ta.

"'Yata, Allah shi yi albarka, Hassana ta fito da kyau ƙwarai. Amma ina kika kai mini Usaina, baƙar, wadda ta baro gonarta tun daga Damagaram Takaya ta wuni a bakin tukunya?"