Ƙuri'ar Bakin Tafki

"Dattijo, kai za ka fara," in ji abokina, ya miƙo min hular ƙuri'a.

Duk shekara mu huɗu mukan bar Ingila mu je wani tafki a Faransa kamun kifi, kuma tun a gida ƙuri'a ke raba mana wurin zama. Shekara uku a jere lamba shida nake ɗauka: bakin ƙofar shiga wurin, ruwa iya gwiwa, kifi sai dai labari.

Bana sai na yi zargi. "Ni za ku raina wa hankali?" Na fizge hular na zazzage ta a kan taswirar tafkin. Takardu huɗu, kowacce shida.

"Macuta!"

Abokina ya ɗora yatsa a kan lamba shida a taswirar.

"Tun da ciwon zuciya ya kayar da kai muka duba. Nan kaɗai motar asibiti take iya isowa."