Tsuntsayen Tanimu

Tun shekarar da gwamnati ta fara ba wa ƙananan masu sana'a tallafin binciken kayan yaƙi, Tanimu bai sake ƙera abin da zai kira nasa ba. Da can, a ɗan shagonsa na Haɗeja, tsuntsayen ƙarfe yake haɗawa masu korar tsuntsayen jan-baki daga gonakin shinkafa. Ya karɓi tallafin don ya faɗaɗa shago. Sojoji suka kwashe tsuntsayen, suka koya musu bin mutane.

Ranar kasuwa da hantsi, yayarsa Lantana ta shigo, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Tanimu, ɗaya daga cikin tsuntsayen nan naka ya sauka a katangarmu. Duk inda maigidana ya nufa, yana bisa kansa. Ko kifinsa an daina saye."

"Me suka ce ya yi, Yaya?"

"Wa zai gaya mana? Kai ka ƙera abin nan, ka ce masa ya tashi mana."

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Ba ya jin maganata yanzu. Ni kaina ko ƙofar bariki ba a bari in wuce."

Lantana ta zauna a benci.

"Ba zamansa ya fi damuna ba," in ji ta. "Ihun korar tsuntsaye da ka naɗa daga bakin Inna kafin ta rasu, ba su cire ba. Da shi yake tsayar da mutum. Jiya autata ta fita da gudu tana murna, wai Kaka ta dawo."