Layin da Humaira Ta Bari

Sufyanu ya kulle ƙofar ofishin Islamiyya bayan la'asar, ya buɗe kwamfuta.

Shi ya haɗa wata baƙar taga a ƙasan manhajar kwamfutar da ƙanwarsa Humaira ke rubutu da ita, don ta riƙa buga umarni tana ganin amsa nan take. Ran Talata ya zauna gwaji, ya manta tagar tana jone da ainihin rajistar makaranta. Layi ɗaya ya buga. Bayanan haddar ɗalibai ɗari uku suka tafi.

Mahaifinsu, Malam Halliru, Humaira ya tsare a gaban malamai. "Mi kinka taɓa? Ke ɗai ka zama wurin nan!" Ta sunkuyar da kai tana hawaye. Sufyanu na tsaye, ya bar ta da laifin.

Gobe wani masani zai zo daga Sakkwato ya duba. Tagar kuwa ba ta mantuwa, kowane umarni tana ajiye shi da sunan wanda ya buga. Abin da ya kawo shi ke nan, ya goge sawunsa.

Ya buɗe tarihin umarnin. Babu layinsa. Ya duba sama da ƙasa, wayam. An riga an share komai, sai layi guda:

"Yaya, na gani tun kamin Baba shi kira ni. Na goge. Kai dai maido muna haddar yara."