Miliyan Ɗaya da Ɗaya

"Malam, ba haka ba ne."

Mai maganar ɗaliba ce daga bencin baya, wadda ko kiran suna ake yi da ƙyar ake jin amsarta. Malamin lissafin ya juyo da alli a hannu. Ɗazun nan ya rubuta 1,000,001 a allo, ya ce babu lambar da ke raba ta ba saura sai ɗaya da ita kanta.

"Ke! Ni za ki gyara wa lissafi, saura mako guda in yi ritaya?"

Ta fito, ta karɓi allin, ta raba lambar da 101. Tana sauka layi bayan layi har ta rubuta 9,901, babu saura ko ɗaya.

Malam ya cire tabarau, ya share ido da hannun riga.

"Shekara talatin ina ɗana wannan tarkon. Kowa sai ya kwafa ya yi shiru, ni nake tona kaina a ƙarshen zango. 'Yata, kada ki goge. Bari in kira shugaban makaranta ya gani."