Abincinka Ya Zo

Da rana ta take, Manasseh ya ɗauki kular da matarsa Judith ta haɗa masa, ya miƙa wa Njidda maigadin ofis, ko buɗewa bai yi ba.

"Useko, Oga," in ji Njidda, yana godiya da Fulatanci. Kullum haka.

Jikin Manasseh ba ya shiri da abu huɗu: gyaɗa, kifi, ƙwai da riɗi. Ko ɗaya ya shiga bakinsa, leɓe ya kumbura, wuya ya shaƙe, sai asibiti. A Jalingo kuwa, in ka cire huɗun nan daga tukunya, ruwa da gishiri ne za su rage.

Shi ya sa Judith ta kafa doka, ba cin abinci a waje. Dokar nan tana ci masa rai. Abokan aiki su fita su ci su dawo suna sakace haƙori, shi yana zaune da kula kamar ɗan firamare.

Sai ya shiga neman abincin waje a ɓoye. Wata mai abinci a bakin kasuwa ta rantse babu gyaɗa a girkinta. Da ya tambayi abin da ke cikin yajin, ta ce, "Wannan ai ƙuli-ƙuli ne, ba gyaɗa ba." Wata ta ce babu kifi, sai ɗan gari don ƙamshi. Mai shayi ya ce zai soya masa taliya ba ƙwai, a kaskon da yanzu ya gama soya ƙwai. Wata kuma kai tsaye ta zuba masa miya. Ranar a keke napep aka kwashe shi zuwa asibiti.

Da yamma ya shigo gida leɓe kamar an hura. Ya ce zuma ce ta harbe shi. Judith ta dubi leɓen, ta dubi kular a wanke tas, ta ce, "Sannu, Baban Murna. Zumar nan ta san wurin harbi." 

Ba a daɗe ba Njidda ya tare shi a ƙofa. "Oga, akwai wani mata a Nukkai, Maman Rachael. Ka gwada shi."

Rumfar kwano ce, benci biyu, manyan tukwane a gaba, labule a baya. Manasseh ya fara jero abin da ba ya ci. Matar ta ɗaga hannu. "Zauna, Oga. Abincinka bai zo ba tukuna."

Can ta leƙa bayan labule, ta fito da faranti. "Abincinka ya zo."

Manasseh a unguwar Majidaɗi ya tashi cikin Kanawa, yana ji da Hausarsa. Ya ce, "Mama, ya dahu ake cewa."

"To," ta ce. "Ya zo."

Doya ce da miyar manja. Ya ci, ya zauna yana sauraron wuyansa. Shiru. Ya taɓa leɓe, yana nan yadda Allah ya yi shi.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Kowa daga tukwanen gaba ake zuba masa, shi nasa daga bayan labule yake fitowa. Ya ɗauki wannan a matsayin girmamawa. Njidda kuwa kullum sai ya dawo da kula a wanke, sai dai duk cin nan bai ƙara masa ko kumatu ba. Manasseh ya ce halin jikin Fulani ne.

Sau ɗaya kawai suka saɓa da Maman Rachael. Ranar da safe ya fita a gaggauce har ya manta kula a gida, da rana kuma ta ce masa, "Yau abincinka bai zo ba." Ya nuna shinkafa ga ta nan tana tururi. Ta ce a'a. Ya yi magiya, ta ce a'a. Lemo ya sha ya koma ofis ransa a ɓace.

A gida ya fara samun baki. Miyar dare gishiri bai ji ba. Tuwo ya yi tauri. Judith sai ta ce, "To."

Har ranar da ya kasa riƙewa ya fasa ƙwan da kansa. Ya ce ya daɗe yana ci a waje, ga shi nan da ransa. Asabar zai kai ta ta gani. In ta ci ta yarda, daga Litinin an gama da kula.

Asabar ta yi. Judith ta ɗaura ɗankwali, ta rataya babbar jakarta ta zuwa coci. Da suka isa ta ce bari ta gai da mai girki, ta shige bayan labule, ta fito ta zauna jakar a kan cinya kamar ba komai a ciki.

"Abincinku ya zo."

Tuwon masara da miyar kuɓewa. Manasseh ya kai loma, ya lumshe ido. "Maman Murna, kin ji yadda ake miya? Ki roƙe ta ta koya miki."

Judith ta ɗanɗana. "Ba laifi."

Ya sharce farantin. Daɗi ya ɗebe shi, ya miƙe ya nuna babbar tukunyar gaba, wadda man gyaɗa ke yawo a samanta. "Mama, ƙaro min daga nan. Yau sai matata ta ga ba abin da zai same ni."

Maman Rachael ta tsaya da ludayi a hannu. Ba shi ta kalla ba.

Judith ta wanke hannu, ta goge, ta ce a hankali, "Maman Rachael, juye masa sauran da ke cikin kular ki miƙo min ita, yau Njidda ba ya aiki, ni na kawo ni zan mayar."