Zan Gyara Shi

Kwaɗon yana kan teburin alƙali, an yi masa kaca-kaca da guduma. Uwar yaron ta kasa ɗauke ido daga kan kwaɗon. Autanta ne ya fasa shi a ƙofar wani shago, ko gemu bai fara ba, ga shi yau za a yanke masa hukunci. Ita dai roƙonta ɗaya: kada a kai mata ɗa gidan yari.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe yana kumfar baki, wai a ɗaure yaro ya zama izina ga na baya. Alƙali kuwa bai daɗe da dawowa daga wani taron bita ba, can ya tsinto kalmar "gyaran hali", yake ta taunarta kamar cingam. Suka yi ta kai-kawo, kowa na jin daɗin muryar kansa. Cikinsu babu wanda ya ga dama ya tambayi yaron komai.

Sai wani dattijo mai farin gemu ya ɗaga hannu daga bencin baya. Ya ce shi mai yankan makulli ne, wucewa yake ya leƙo. Ya nemi izini ya ɗauki kwaɗon, ya jujjuya shi, ya ja tsaki.

"Ranka ya daɗe, ɗaure wannan yaro asara ce. A ba ni shi, zan gyara shi."

Alƙali ya washe baki, an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Nan take ya damƙa yaro a hannun dattijo, ya ɗora da dogon jawabin da ba wanda ya roƙa. Yaron da ya tsaya ƙyam tun safe sai ga shi yana rawar jiki. Uwar ta ce a ranta, nadama ce.

A waje ta zube ƙasa tana hawayen murna. "Baba, Allah Ya saka da alheri."

"Tashi, 'yata. Ai Auta namu ne."

Har ta kai bakin titi ta tuna hular yaron na hannunta, ta koma da gudu. A bayan katangar kotu ta iske su, dattijo ya murɗe kunnen yaron yana magana ƙasa-ƙasa.

"Shashasha! Sau nawa na nuna maka yadda ake buɗe shi da tsinken waya, ka je ka kunyata ni da guduma?"