Kwanon Maƙwabta

Wata huɗu da zuwanmu ƙasar nan mai sanyi, ban taɓa ganin fuskar maƙwabci ba. Dokarsu ce, ba a ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Kowane gida yana da 'yar taga a bango. In ka sa kaya a cikinta ka faɗi lambar gidan da kake so, sai na'ura ta kai su can.

Ranar Juma'a na yi dambu. A Gumel ba ma cin irinsa ba mu kai wa maƙwabta ba, sai na zuba a kwano na tura.

'Yata Saude ta ce, "Umma, in babu kowa a can fa? A makaranta an ce wasu gidajen na'ura ce kawai ke kunna fitila."

"Ci abincinki," na ce.

Da la'asar tagar ta yi ƙara. Kwanon ya dawo da burodi a ciki, gindinsa baƙi ƙirin.

Baban Saude ya juya shi yana dariya. "Uwani, wannan ai ƙonewa ya yi!"

"Alhamdu lillahi," na ce. "Na'ura ba ta ƙona abinci."

Muka kankare baƙin, yara suka cinye tas.